Buhu Na Uku

Ƴata Tsahara ta dawo daga jami'a
da littafi mai kauri kamar bulo,
ta ture zogalen da nake shanyawa gefe,
ta ce, Baba, kawo gonarka in auna ta.

Na ce gona tana Jiratawa,
ba ta hawa kabu-kabu.
Ta ce faɗa mini kawai:
fangali nawa, jika nawa a aljihu,
kwana nawa ake sakar maka ruwa,
hannu nawa ke riƙe hauya.
Na faɗa.
Ta ja layi huɗu kamar mai kafa darni,
ta ce cikin shingen nan amsa take,
abin da ke waje mafarki ne.

Sai ta zana tudu.
Ta ce ga taki:
buhun farko, albasa ta yi godiya,
na biyu, ta ce madalla da ƙaramar murya,
na uku, ta yi gum,
na huɗu ya ƙone ta har saiwa.
Da amfanin gona miƙaƙƙe ne kamar igiyar guga,
da sai a yi ta zubawa ana kwasa.
To lanƙwashe yake, Baba, kamar ƙahon rago,
abin da ya ɗaga ka shi zai juyo ya soke ka.

Na yi dariya.
Shekara talatin ina ɗauke da wannan a tafin hannu
ban san an raɗa masa suna ba.

Na ce to ya ake gane ƙololuwa?
Ta ce kamar mai hawa cikin duhu ba fitila:
ka laluba da ƙafa,
inda ƙasa ta fi tashi ka taka,
taku ɗaya, ka sake lalubawa.
Ranar da ko'ina ka miƙa ƙafa gangara ce,
ka iso.
Na ce in kuma suri na hau,
dutsen yana can gaba yana mini dariya fa?
Ta ajiye biro.
Ta ce wannan tambayar ce ta cinye gashin malaminmu.

Dare biyu na'urarta tana huci,
wuta ta ɗauke sau uku, ta sake daga farko.
Da asuba ta karanto mini hukunci:
albasa kashi uku cikin biyar,
tumatir kaɗan don ba ya jure jira,
saura zogale,
taki buhu biyu da rabi, ko tiya kada a ƙara.
Riba, in Allah ya yarda, jika ɗari biyu da arba'in.

Na ce ina kunya shida na bakin rijiya?
Masarar Hajo ce, matar marigayi Barmo ƙanena,
ni ke nomawa, ita ke karya.
Ta ce ai ba ka faɗa ba.
Na ce irin wannan ba a faɗa,
kunya ce ta ɓoye kunyoyin.

Ba ta yi gardama ba.
Ta ja layi na biyar,
shingen ya tsuke kamar rigar bara.
Na'ura ta yi huci, ta sauke riba.
Ta ce Baba, layin nan kaɗai
jika talatin yake ci maka a shekara.
Na ce ashe ma da araha.
Na ɗauka ya fi haka.

Mun shuka yadda takarda ta ce.
Albasa ta yi kai, ban ce ba ta yi ba,
dillalan kasuwar Maradi sun taya har sau biyu.
Amma rabin buhun nan na uku
yana nan jingine a zaure, bakinsa ɗaure,
kuma duk safiya in na wuce shi
hannuna sai ya yi ƙaiƙayi.